Kundin aikin tace bidiyon gida: neman manhajar da kwamfutata za ta iya ɗauka

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin tace bidiyon gidanmu ke tafiya, tun daga zaɓen manhaja har zuwa ranar da za a kalli abin da na haɗa. Kayan aikin iri biyu ne. Na farko shi ne bidiyon walimar saukar Alƙur'ani da aka yi wa yaranmu a watan jiya, wanda 'yan uwa daban-daban suka ɗauka da wayoyinsu. Na biyu kuma hira ce da na yi da Baba kan tarihin gida, wadda nake son ta zama ajiyayyen abu da jikoki za su tarar.

Kwamfutar da nake da ita laftof ce ta hannu, mai furosesan (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Core i5 na ƙarni na 7, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) gigabayit 8, da tsohon faifan ajiya mai juyawa na gigabayit 500. Ba ta da katin hoto na daban, kuma Windows 10 ce a kanta. Na rubuta wannan tun farko ne saboda yawancin bayanan da ake yi kan "manhajar da ta fi kowace" masu yin su suna zaune ne gaban manyan injina, da wutar da ba a ɗaukewa, da intanet marar ƙidaya. Ni kuwa sharuɗɗana su ne manhajar ta yi aiki ba tare da intanet ba, kada ta manna tambarinta a kan bidiyon, kada ta bukaci biyan dala kowane wata, kuma wannan laftof ɗin ta iya jan ta. A da, mutum irina Windows Movie Maker zai buɗe ya yi aikinsa, amma Microsoft ta daina bayar da ita tun Janairun 2017.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na fara tattara bidiyoyin. Waɗanda aka turo ta WhatsApp duk sun rage kyau, domin manhajar tana matse bidiyo kafin ta aika, sai fuska ta dishe da zarar an faɗaɗa hoton a babban allo. Na roƙi kowa ya sake turo nasa a matsayin fayil, wanda iyakarsa gigabayit 2 ne kuma ba a taɓa ingancinsa, ko kuma ya kawo wayar in kwashe da kebul. Yaya ya ce nasa sun yi nauyi, zai kawo wayar da kansa ranar Juma'a bayan masallaci.

Laraba, 8 ga Janairu

Na duba farashin manhajojin da ake saye. Adobe Premiere Pro haya ake yi, kusan dala 23 a wata idan an ɗauki alƙawarin shekara, wanda a canjin yanzu ya haura naira dubu 400 kafin shekara ta zagayo, kuma ranar da aka daina biya ranar ce manhajar za ta daina buɗuwa. Final Cut Pro kusan dala 300 ce, biya ɗaya, amma a na'urorin Apple kaɗai take aiki, haka ma iMovie wadda kyauta ce. DaVinci Resolve Studio dala 295 ce, ita ma biya ɗaya, sai dai tana da 'yar uwa ta kyauta wadda ake yabawa sosai.

Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in kai laftof ɗin kasuwa a saka mini kirak ɗin babbar manhaja da kuɗi kaɗan, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Na ƙi saboda dalili biyu. Akwai haƙƙin masu abin, kuma irin waɗannan manhajojin na sata sanannen abu ne cewa ta cikinsu ake cusa ƙwayoyin cutar da ke kwashe kalmomin sirri ko su kulle fayiloli. Kwamfutar da za ta riƙe hotunan iyalina, ciki har da na matan gida, ba zan saka mata abin da ban san wanda ya taɓa shi ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Yaya ya kawo wayarsa jiya. Yanzu duka abin da na tara ya kai kusan awa 5, nauyinsa gigabayit 38. Na rarraba su folda-folda bisa sunan wayar da aka ɗauka da ita, ban canja sunan ko fayil ɗaya ba.

Yau na gwada DaVinci Resolve ta kyauta, ta kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya. Saukar da ita kaɗai ya ci data fiye da gigabayit 2, don haka da tsakar dare na yi, lokacin da datar dare ke da araha. Ba shakka manhaja ce babba. An kasa ta shafi-shafi, akwai na yanka, na gyaran launi, na sauti mai suna Fairlight, na siddabarun hoto mai suna Fusion, sannan na fitar da bidiyo, kuma ta kyautar ba ta manna tambari a aikin yau da kullum, tana fitarwa har zuwa ƙuduri (wato yawan ɗigon hoto a faɗi da tsayi) na 3840 da 2160. Sai dai kamfanin da kansa ya rubuta cewa tana son RAM gigabayit 16, ko 32 idan za a taɓa Fusion, kuma nauyin aikinta a kan katin hoto yake. Laftof ɗina rabin abin da aka nema take da shi. Ta buɗe, na jera gajerun bidiyoyi, amma da na danna su yi tafiya sai hoton ya riƙa tsalle, fankar ciki tana ƙugi, ƙasan laftof ɗin ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Wannan ba laifin manhajar ba ne, kayan ya fi ƙarfin jakin ne. Na cire ta, amma na rubuta sunanta ga ranar da Allah zai hore babbar kwamfuta, domin shafin gyaran launinta ya burge ni ƙwarai.

Litinin, 13 ga Janairu

Babu wuta tun safe, batirin kuma ba ya wuce awa ɗaya da rabi. A takarda na tsara jerin yadda walimar za ta gudana: isowar baƙi, karatun yara, jawabin malam, addu'a, sai rabon abinci.

Asabar, 18 ga Janairu

Na ba wa wata manhaja mai sauƙin sarrafawa yammacin yau gaba ɗaya. An rubuta kyauta ce a wurin saukewa, kuma aikinta ya yi daɗi: ja bidiyo ka ajiye, yanka da maɓalli ɗaya, rubutu masu ƙawa. Na haɗa minti 6 na karatun yara, na fitar, sai ga babban tambari kwance a tsakiyar hoton, daidai kan allon da yaron ke riƙe da shi. Cire tambarin sai an biya. Daga yau dokata ita ce duk manhajar da zan gwada, sai na fara fitar da bidiyon daƙiƙa 30 na duba shi kafin in zuba mata lokacina.

Da dare na duba Clipchamp, wadda Microsoft ta saya a 2021 ta kuma sanya ta cikin Windows 11. Tana fitar da bidiyo mai ƙudurin 1080 kyauta ba tare da tambari ba, kuma ga wanda zai haɗa gaisuwar Sallah ta minti biyu ta wadatar. Abin da ya raba ni da ita shi ne sai an shiga da asusu kuma sai da intanet take aiki, ni kuwa akasarin aikina da dare ne, a ɗakin da sabis ke zuwa yana tafiya.

Litinin, 20 ga Janairu

Ƙanwata ta nace sai na yi amfani da CapCut, domin da ita take haɗa bidiyon kayan da take sayarwa, kuma gaskiya ga gajeren bidiyo a waya tana da saurin da babu kamarta a cikin waɗanda na gani. Amma labarin ƙarshen makon nan ya tsaya mini a rai: CapCut ta daina aiki a Amurka tare da TikTok saboda dokar da ta shafi kamfanin ByteDance mai su. Ko da an mayar da ita, abin ya nuna cewa manhajar da ke rataye da asusu da na'urorin kamfani tana iya rufuwa a kan mutum da dare ɗaya, alhali aikinsa na ciki. Hirar Baba abu ne da nake son in iya sake buɗe aikinsa bayan shekara goma. Na ce wa ƙanwata ta ci gaba da tata, idan na gama zan ba ta guntayen da za ta ƙawata don sitatus.

Laraba, 22 ga Janairu

Na koma kan manhajojin da ba mallakin kowa ba, waɗanda masu sa kai ke ginawa kuma kowa ke iya duba yadda aka rubuta su. Na sauke uku: OpenShot, Shotcut da Kdenlive. Babu wadda ta kai megabayit 300, babu mai neman asusu, babu mai tambari. OpenShot ta fi su sauƙin fahimta a kallon farko, amma kayan sauti da na rubutun ƙasan allo da nake bukata sun fi yawa a sauran biyun, don haka na ajiye ta. Shotcut da Kdenlive inji ɗaya ne a ƙarƙashinsu, wato MLT, wanda shi kuma yake dogara da FFmpeg wajen karanta bidiyo, shi ya sa duk fayil ɗin da na jefa musu daga wayoyin nan sun buɗe shi ba gardama.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yau na gamu da matsala mafi girma tun da na fara. Ranar da na yi hira da Baba, waya ɗaya na ɗora a kan tsayayyen abu tana ɗaukar hoto, ɗaya kuma na ajiye kusa da shi a kan tabarma tana ɗaukar murya kaɗai, domin sautin ya fita sosai. Na jera su biyun, na daidaita farkonsu a wurin da ya yi gyaran murya, kuma mintunan farko komai ya hau daidai. Amma da aka kai wajen minti 20 sai leɓe ya fara riga murya, kafin ƙarshen hirar mai minti 40 kuwa tazarar ta wuce daƙiƙa ɗaya, har ana ganin Baba ya rufe baki maganarsa tana ci gaba. Na gwada a manhaja ta biyu, sakamakon bai canja ba, wanda ya tabbatar mini da cewa ciwon a jikin fayil ɗin yake.

Na sauke wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna MediaInfo, wadda aikinta kawai ta karanta bayanan cikin fayil. Ta nuna cewa adadin hotunan da wayar ke ɗauka a daƙiƙa ba tsayayye ba ne. Kyamarar bidiyo ta asali tana ɗaukar adadi ɗaya, 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, daga farko har ƙarshe. Waya kuwa tana sauya adadin yadda ta ga dama, ta rage shi idan haske ya yi ƙasa ko idan ta ɗau zafi. Hirar da la'asar muka fara a zaure, kuma kafin mu gama haske ya ja baya, ashe a nan wayar ta riƙa rage hotuna. Manhajar kallo irin VLC ba ta damu da wannan ba, amma manhajar tacewa tana lissafi ne da tsayayyen adadi, sai ƙananan kurakurai su riƙa taruwa har su zama tazarar da ido ke gani. Bugu da ƙari, wayar da ta ɗauki hoton tana ajiyewa da tsarin H.265, wanda ke rage nauyin fayil amma yake wahalar da furosesa wajen yanka, ita kuma wayar muryar a ma'aunin 44,100 (yawan guntayen sautin da take ɗauka a daƙiƙa) ta ɗauka, alhali na bidiyo 48,000 ne.

Maganin shi ne a juya fayil ɗin tun kafin a fara tacewa. Na yi amfani da HandBrake, wadda ita ma kyauta ce: na zaɓi tsarin H.264 da ya fi sauƙi ga furosesa, na tsayar da adadin hotuna a 30, na sa ma'aunin inganci a 18 domin kada hoton ya ragu, tunda a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce babban inganci. Muryar kuma na juya ta zuwa 48,000 da Audacity, manhajar gyaran sauti. Juyawar hirar kaɗai ta ci fiye da awa ɗaya. Da na sake jera su, tazarar da ta rage ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma yanka ɗaya a tsakiya ya gyara ta. Daga baya na lura cewa Shotcut da Kdenlive dukansu suna gargaɗi idan aka shigar musu da irin wannan fayil, su kuma ba da damar juya shi nan take. Duk wanda ya ga wannan gargaɗin ya karɓi tayin, kada ya tsallake shi don sauri.

Asabar, 25 ga Janairu

Na kai laftof ɗin wurin mai gyara a Titin Beirut. Da ya kwance murfin ƙasa, ƙurar hunturu ta toshe bakin fanka har ta zama kamar auduga, man da ke kan furosesa kuma ya bushe ya farfashe. Ya bayyana mini cewa idan furosesa ya yi zafi da yawa shi da kansa yake rage gudunsa don kada ya ƙone, wanda ke nufin wani ɓangare na jinkirin da nake gani daga nan yake fitowa. Ya share, ya sa sabon mai, ya ƙara RAM gigabayit 8 a ramin da ke fanko, ya cire tsohon faifan ya sa SSD, wato faifai mai sauri marar juyawa, mai gigabayit 512. Tsohon faifan na saya masa gida mai kebul, ya zama ma'ajiyar waje.

Kuɗin yau: SSD naira 42,000, RAM naira 22,000, aikin hannu da sake ɗora Windows naira 8,000, gidan faifai naira 6,000. Jimla naira 78,000. Kuɗi ne mai nauyi a wannan lokaci, amma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na hayar babbar manhaja ta shekara guda ba, kuma amfaninsa ya shafi duk wani aiki da zan yi da kwamfutar.

Talata, 28 ga Janairu

Ina juya sauran bidiyoyin da HandBrake, na jera su a layi suna bin juna duk lokacin da aka kawo wuta. Na asalin suna nan a faifan waje, ban goge ko ɗaya ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na haɗa yanki ɗaya, jawabin malam da addu'a, a Shotcut da kuma Kdenlive domin in kwatanta su a kan aiki iri ɗaya. Dukansu suna da dabarar da ta ceci wannan laftof, wato kwafi marar nauyi: manhajar tana ƙirƙirar ƙaramin kwafin kowane bidiyo a yi yanka da shi, sai lokacin fitarwa ta koma kan na asali mai cikakken inganci. Da na kunna wannan, hoton ya daina tsalle ko da na ɗora bidiyo biyu a kan juna.

Shotcut ta fi sauƙin kai. Allonta ba shi da cunkoso, kuma wanda bukatarsa yanka da haɗawa ce da ɗan gyaran haske zai saba da ita a yini ɗaya. Da ƙanena ne ya tambaye ni, ita zan ce ya fara da ita. Amma ni Kdenlive na zaɓa, ta ƙungiyar KDE. Wurin ajiyar bidiyonta yana karɓar folda a cikin folda, abin da mai fama da ɗaukar wayoyi da yawa ke matuƙar bukata. Tana da hanyar daidaita sauti da kanta, inda za ka nuna mata bidiyo ɗaya a matsayin madogara, ta saurari sauran ta jera su a daidai wurinsu, kuma wannan ya yi mini amfani a karatun yara da mutum uku suka ɗauka daga kusurwa daban-daban. Sannan tana da umarnin da ke tattara aikin gaba ɗaya, da bidiyoyinsa da sautukansa, a folda guda don ajiya.

Akwai wani dalili mai nisa. Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 na furosesan Intel take farawa, don haka laftof ɗina ba ta cikin lissafi. Idan lokacin ya zo na koma Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ke maye gurbin Windows, Kdenlive a can ma gidanta ne, kuma fayil ɗin aikin rubutu ne buɗaɗɗe da zai buɗu ba tare da neman izinin kowa ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Batirin ya mutu ina tsakar aiki bayan an ɗauke wuta, laftof ɗin ta mutu ba sallama. Da na kunna daga baya, Kdenlive ta tambaye ni ko in dawo da abin da ta ajiye da kanta, kuma yanka kaɗan ne suka ɓace. Yanzu ina ajiye aikin da sabon suna mai kwanan wata kowane dare, in kwafe shi zuwa faifan waje.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Rabin bidiyoyin a tsaye aka ɗauke su, rabi a kwance. Tunda a talabijin za a kalla, na tsayar da aikin a kwance, 1920 da 1080. Waɗanda ke tsaye ban faɗaɗa su don su cika allo ba, domin hakan yana yanke kawuna da alluna, na dai ɗora kwafinsu a baya na dishe shi ya cike gefe da gefe.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na zo rubuta sunayen surori da na sassan bidiyon, sai salon rubutun da na zaɓa don kyansa ya kasa nuna ƙ da ɗ da ɓ. A wani wurin ɗan akwati ne ya fito a madadin harafin, a wani wurin kuma kwamfutar ta aro harafin daga wani salo, sai ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, kalmar "Alƙur'ani" ta zama abin da ba zan iya nuna wa malamin yaran ba. Yawancin salon rubutu na ado an zana su ne don harsunan Turai kawai. Na gwada Noto Sans na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, dukansu kyauta ne kuma suna da haruffanmu manya da ƙanana. Andika na ɗauka don taken sassa saboda yara na karanta shi cikin sauƙi, Noto Sans kuma don rubutun ƙasan allo.

Rubutun ƙasan allon ya zama dole a hirar Baba, domin muryarsa tana yin ƙasa a wasu wurare, kuma yana ambaton sunayen garuruwa da na mutanen da da yara ba su sani ba. Kdenlive tana iya amfani da wata manhaja mai suna Whisper ta mayar da magana rubutu, kuma Hausa tana cikin jerin harsunansa, amma nauyin saukewa da na aikin ya fi ƙarfin datata da injina, kuma ko ya yi sai na bi kowane layi na gyara. Da hannu nake rubutawa, ina ajiyewa a fayil ɗin SRT (na rubutun ƙasan allo) da tsarin ajiye haruffa na UTF-8 domin haruffa masu lanƙwasa su tsira. Aiki ne mai cin lokaci, minti biyar na magana yana cinye mini dare guda, amma ta dalilinsa na ji abubuwa a maganar Baba da ban lura da su ba ranar da muke zaune.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sauti. A walimar janareta ke aiki bayan rumfa, kuma ƙuginsa ya shiga kowane bidiyo. Na fitar da sautin zuwa Audacity, na nemo wurin da kowa ya yi shiru kafin a fara addu'a, na nuna mata wannan a matsayin samfurin hayaniya, sannan na sa ta rage irinsa a ko'ina. Da na matsa ragin sosai ƙugin ya tafi, amma muryoyin yara suka koma kamar daga cikin tulu suke karatu, don haka na sassauta, na bar ɗan ƙugi a ƙasa, na kuma yanke duk sautin da ke ƙasa da 80 a ma'aunin amo, inda yawancin rurin injin yake. Karatun Alƙur'ani ban sa masa komai a ƙarƙashi ba, kuma ban yanke cikin aya ba ko da hoton ya girgiza. Inda ya lalace sai in rufe shi da hoton iyaye suna sauraro, karatun yana tafiya yadda yake.

Na sayi ƙaramar makirfo mai maƙalawa a wuyan riga, naira 9,000, saboda hirar gaba. Abin da aka ɗauka da kyau tun farko ya fi duk wani gyara da manhaja za ta yi masa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yankan walima ya kammala, ya tsaya a minti 42. Hajiya ta kalli ɓangaren mata a laftof, ta nuna wurare biyu da take son a cire, na cire.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na fitar da bidiyon walimar jiya da dare da wutar inbatan maƙwabcina, domin kada a katse shi a tsakiya. Na zaɓi MP4 mai H.264 da sautin AAC, tsarin da kusan kowace talabijin mai ramin filashi ke karantawa. Na sa nauyin a megabit 8 a daƙiƙa, wanda shi ne YouTube ke ba da shawara ga bidiyon 1080, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: megabayit 60 a kowane minti, minti 42 ya ba da kusan gigabayit 2 da rabi. Wannan yana da muhimmanci domin yawancin ƙananan filashi da tsarin FAT32 suke zuwa, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4, kuma tsofaffin talabijin da shi suka fi sabawa. Fitarwar ta ɗauki kusan awa biyu. Na kuma fitar da ƙaramin kwafi mai ƙudurin 720, nauyinsa bai kai gigabayit 1 ba, don 'yan uwa na nesa su karɓa ta WhatsApp a matsayin fayil.

Mun yanke shawara a gida cewa ba za a ɗora shi a YouTube ba, ko da a ɓoye daga masu bincike, domin duk wanda ya sami adireshin zai iya kallo ya kuma tura wa wani. Filashi uku na saya, na gidan Baba, na gidan Yaya da namu, naira 13,500. Na gwada ɗaya a talabijin ɗin falo: hoto da murya sun tafi tare har ƙarshe, sai dai rubutun ƙasa ya matsa bakin allo sosai har talabijin ta ɗan gutsire shi, don haka a aikin hira zan ɗaga shi sama kaɗan.

Abin da aka kashe zuwa yau: gyaran laftof da kayanta naira 78,000, makirfo 9,000, filashi 13,500, data kimanin 15,000. Jimla naira 115,500, kuma ko kwabo bai tafi kan manhaja ba. Na yi niyyar aika wa masu Kdenlive ɗan tallafi idan na sami hanyar biya da katina zai yi aiki, domin da gudummawa suke tafiyar da aikin.

Azumi na iya kamawa ƙarshen makon nan, don haka aikin zai koma bayan tarawihi, gwargwadon yadda jiki ya bari. Rubutun ƙasan allo na hirar Baba ya kai minti 25 cikin 40, ina fatan kammala shi kafin goman ƙarshe. Bayan Sallah zan sayi faifan waje na biyu mai terabayit 1 da zai zauna a gidan Yaya, domin kada duka ajiyar ta kasance ƙarƙashin rufi ɗaya. Sannan hira da Hajiya, wadda zan yi da hantsi a tsakar gida inda haske ba ya sauyawa da wuri, wayar a kwance, an kashe H.265 a saitinta, makirfo a maƙale, kuma zan tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin mu fara domin in sami wurin daidaita sauti.